Jema a Bakin Layin Dogo: Nazari kan Hanyar Jirgin Fianarantsoa zuwa Manakara

A kudu maso gabashin tsibirin Madagaska akwai wani layin dogo mai tsawon kilomita 163, wanda ya haɗa birnin Fianarantsoa, da ke kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,000 daga doron teku, da garin Manakara da ke gaɓar Tekun Indiya. Turawan mulkin mallaka na Faransa ne suka shimfiɗa shi tsakanin 1926 da 1936, da gumin mutanen ƙasar da aka tilasta wa aiki, waɗanda da yawa daga cikinsu ba su koma gida ba. An fi sanin layin da taƙaitaccen sunansa na Faransanci, FCE (Fianarantsoa-Côte Est), wato layin Fianarantsoa zuwa gaɓar gabas. Kafin a iya sauko da shi daga tudu zuwa bakin teku sai da aka huda duwatsu a wurare 48, aka gina gadoji 67, aka kuma daddatse gefen tsaunuka, ta yadda a wurare da dama jirgi yakan wuce ne da bangon ƙasa tsaye a samansa da gangare mai zurfi a ƙasansa. Saukar ta fi tsanani a tsakanin tashar Ranomena da ta Tolongoina, inda layin yake bin gefen kurmi mai yawan ruwan sama.

Duk da tsufansa, layin shi ne hanyar fita ɗaya tilo ga yawancin ƙauyukan da ke bakinsa, domin babu titin mota da ya kai gare su, kuma an ƙiyasta mutanen da suka dogara da shi sun haura 100,000. A tashoshi irin su Tolongoina da Manampatrana da Sahasinaka ake loda ayaba da kofi da 'ya'yan itacen lici a tarago, sannan jirgin ya kawo shinkafa da gishiri da kananzir da magani. Akwai kuma alaƙa tsakanin jirgin da dajin da yake ratsawa, wato zirin kurmin da ya haɗa gandun Ranomafana da na Andringitra. Muddin manomi yana da tabbacin cewa jirgi zai ɗauki ayabarsa zuwa kasuwa, zai riƙe gonar itatuwansa ya sayi shinkafa da kuɗin da ya samu. Idan kuwa jirgi ya daina zuwa, ba shi da mafita illa ya sare daji, ya cinna masa wuta, ya shuka shinkafar tudu da rogo domin ciyar da iyali, irin noman da mutanen ƙasar ke kira tavy. Wannan ne ya sa masu aikin kare dazuzzuka suka shiga maganar layin dogo tun kafin masifar da ta afka masa.

Damunar shekarar 2000

A tsakiyar watan Fabrairu na 2000 mahaukaciyar guguwar teku da aka sa wa suna Eline ta faɗa wa gabashin Madagaska, kafin ta tsallaka ta ƙara ta'azzara ambaliyar da ta cinye Mozambik a wannan shekarar. Ƙasa ba ta gama tsanewa ba sai ga wata guguwar, Gloria, a farkon Maris, da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Cikin kimanin mako biyu ƙasa ta zaftare a kan layin FCE a wurare kimanin 280, kuma abin da ya zubo a kan dogo ya kai wajen kubik mita 150,000. Idan aka ɗauka tifa ɗaya tana ɗaukar kubik mita goma, ana maganar sawu 15,000 ke nan, a wurin da tifa ma ba ta iya shiga. Jirgi ya tsaya cak har wata uku, amfanin gona ya rasa hanyar zuwa kasuwa, kayan masarufi kuma suka rasa hanyar shigowa.

Kwashe ƙasar aiki ne mai wuya, amma kowa ya san yadda ake yin sa. Tambayar da ta fi nauyi ita ce dalilin da ya sa ɓarnar ta kai haka, domin guguwa ba baƙuwa ba ce a wannan gaɓa. Kusan kowace shekara tsakanin Janairu da Maris ana zaman ɗar-ɗar saboda ita. Da aka bi layin ana duba wuraren da suka zaftare, sai aka ga babban abin da ya haɗa su shi ne noma. Filin da ke gefe da gefen dogo mallakar hukumar jirgin ne a takarda, amma shekara da shekaru manoma, waɗanda fili mai laushi ya yi musu ƙaranci, sun hau gangaren sun share shi suna shuka rogo da shinkafar tudu, har zuwa daf da bakin layin.

Yadda irin wannan gangare yake faɗuwa ba abu ne mai sarƙaƙiya ba. Ƙasar yankin ja ce mai zurfi, wadda ta samu daga ruɓewar dutse a cikin zafi da damshi. Idan tana bushe tana da ƙarfi, amma idan ta sha ruwa ta ƙoshi nauyinta yakan ƙaru, ruwan da ya cika ƙofofinta kuma ya rage riƙon da ƙwayoyinta suke yi wa juna, sai saman ƙasar mai kaurin mita ɗaya ko biyu ya sulale a kan abin da ke ƙarƙashinsa. A inda akwai itatuwa, saiwoyinsu sukan ɗaure saman da ƙasan. Gonar rogo kuwa ta haɗa aibi uku: ana shuka shi da tazara, ana nome ciyawar da ke tsakaninsa har ƙasa ta zauna tsirara, sannan ranar girbi a tumɓuke shi a bar ramuka da ƙasa a sake, inda ruwa zai shiga kai tsaye.

Zaɓin da ke gaban masu gyara

Kuɗin farfaɗo da layin ya fito ne daga hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, kuma wata ma'aikaciyar raya karkara mai suna Karen Freudenberger ce ta jagoranci aikin. Abu biyu ne suka fi saurin zuwa a zuciya. Na farko shi ne gine-gine: bangon kankare, kejin waya cike da duwatsu, sababbin kwalbatoci da magudanan ruwa. An yi wasu daga cikin waɗannan a inda ba makawa, amma babu kasafin da zai iya lulluɓe gangaren kilomita da dama da siminti, balle a layin da da ƙyar yake biyan ma'aikatansa. Na biyu shi ne a kori manoma daga filin hukuma, tunda doka tana bayan hukumar. A ganina ƙin bin wannan hanya shi ne hukunci mafi muhimmanci da aka yanke a cikin aikin gaba ɗaya. Hukumar ba ta da masu gadin da za su tsare kilomita 163 na daji, wanda aka kora zai dawo da zarar an juya baya, ko kuma ya hau sama ya share sabon kurmi, kuma a kowane hali layin ya yi wa kansa maƙiya a cikin mutanen da su ne suka fi kusa da shi dare da rana.

Sai aka koma ga ciyawar jema. An gayyato ƙwararru biyu daga Tailan, ɗaya daga cikinsu injiniya Diti Hengchaovanich, wanda ya daɗe yana amfani da ita wajen riƙe gefen manyan tituna a Malesiya. Ba a banza aka nufi Tailan ba, domin tun 1991 Sarki Bhumibol ya ɗauki yaɗa wannan ciyawa a matsayin aikinsa, kuma a Chiang Rai aka yi taron duniya na farko a kanta a 1996.

Ciyawar da halayenta

Ciyawar ita ce wadda duniya ta fi sani da vetiver, masana tsirrai kuma suke kira Chrysopogon zizanioides, kuma asalinta Indiya. 'Yar'uwa ce ta kusa ga jemar da ke fitowa a fadamun ƙasar Hausa, wadda ake saƙa zana da ita, ake kuma dasa ta a kan iyakar gona, don haka a nan za a kira ta jemar Indiya. Akwai bambanci ɗaya da ya kamata a riƙe: jemar Afirka tana yin iri mai tsirowa, irin kudancin Indiya da ake amfani da shi a aikin riƙe ƙasa kuwa ba ya yaɗuwa ta iri kuma ba ya rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, inda aka dasa shi nan yake zama. Wannan ya sa manomi ba ya fargabar cewa za ta mamaye masa gona ta zama annoba.

Amfaninta na farko yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwoyinta ba sa bazuwa gefe, suna nutsawa ne kai tsaye, kuma a ƙasa mai kyau sukan kai zurfin mita uku ko fiye cikin shekara guda, sirara, masu yawan gaske, a cakuɗe da juna. Gwajin da Hengchaovanich ya yi da wani abokin aikinsa a Malesiya ya nuna cewa ƙarfin saiwar wajen jure ja ya kai kimanin megafaskal 75, wato kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfin ƙarfen da ake rodi da shi. Tunda yawancin zaftarewar da ruwan sama ke haddasawa tana tsagewa ne a zurfin da bai wuce mita biyu ba, saiwar da ta ratsa wannan zurfin ta kama ƙasar da ke ƙasa tana ƙara wa gangaren ƙarfin tsayawa. Kuma saboda saiwar ba ta bazuwa gefe, ba ta cika gasar abinci da ruwa da amfanin gonar da ke kusa da ita ba.

Amfani na biyu yana sama. Ana raba gindin ciyawar zuwa ƙananan dashe, a jera su kurkusa, tazarar santimita 10 zuwa 15, a kan layin da ya gitta gangaren ba tare da hawa ko sauka ba. Idan suka girma suka haɗe sukan zama shinge mai kauri da kara mai tauri wanda ruwa ba ya kwantar da shi da sauƙi. Ruwan da ya gangaro yakan rage gudu idan ya iso shingen, ya baje, ya ajiye lakar da ya ɗauko, sannan ya tsiyaye ta cikin karan. Da tafiya ta yi tafiya lakar takan taru a bayan shingen ta zama matakala, ciyawar kuma ta ci gaba da fitar da sababbin saiwoyi daga gaɓoɓin da aka binne. Dabarar ba sabuwa ba ce: an yi amfani da ita a gonakin rake na Fiji tun shekarun 1950, kuma ma'aikatan Bankin Duniya biyu, John Greenfield da Richard Grimshaw, su ne suka farfaɗo da ita a Indiya a shekarun 1980. Abin da injiniyoyi irin su Hengchaovanich suka ƙara shi ne fitar da ita daga gona zuwa gefen titi da dogo, tare da auna ƙarfinta da alƙaluman da injiniya zai yarda da su.

Yarjejeniya da manoma

A wuraren da babu gona, wato bakin kwalbati da gefen magudana da inda aka cike ƙasa aka gina sabon bango, ma'aikata ne suka dasa jemar kai tsaye domin ta kare ginin daga cin ruwa. Wannan ɓangare aikin kwangila ne, kuma ba shi da wani abin mamaki. A gonaki ne aka yi abin da ya cancanci nazari.

An tunkari manomin da ke noma a filin hukuma da tayi. Ba za a kore shi ba. Za a ba shi takardar izinin ci gaba da amfani da filin na tsawon shekaru, abin da bai taɓa samu ba. Shi kuma zai daina shuka rogo da shinkafar tudu a kan gangaren, zai dasa layukan jema a gicciye daga sama har ƙasa, zai kuma kula da su. An tsara gonar ne kashi-kashi, kowane kashi mita goma tsawo da mita goma faɗi, ta yadda mai ƙaramin fili da mai babba duka za su iya shiga, kuma a iya lissafa yawan dashen da kowa ke buƙata ba tare da gardama ba. A cikin kowane kashi manomi yana zaɓar itacen da yake so daga cikin waɗanda suka dace da tsayin wurinsa, kamar lici ko lemu, tare da kayan ƙanshi irin su masoro da kirfa. A tsakanin layukan jemar kuma yana shuka masara da wake, waɗanda ake girbewa ba tare da an tone ƙasa ba.

Wannan tsari ya amsa tambayar da ta kashe shirye-shiryen dasa itatuwa da dama, wato me iyali za su ci kafin itace ya fara 'ya'ya. Lici yana ɗaukar shekaru kafin ya ba da amfani, kuma babu magidancin da zai bar rogo, abincin da ke ceton gida a lokacin yunwa, saboda alƙawarin da ba zai cika ba sai bayan shekara biyar. Masara da wake sun cike giɓin shekarun farko. Takardar izini kuma ta cike wani giɓin da ya fi wannan zurfi, domin mutumin da ya san ana iya tashin sa gobe ba zai dasa itace ba, zai shuka abin da zai tumɓuke ya tafi da shi. Idan aka duba da kyau, rashin tabbas a kan fili yana cikin abin da ya cika gangaren da rogo tun farko.

Ganyen jemar ma bai tafi a banza ba. Ana yanke shi lokaci-lokaci, abin da ke sa gindin ya ƙara cika, sai a shimfiɗa shi a tsakanin layuka ya rufe ƙasa, ya riƙe damshi, ya hana ciyayi fitowa, daga baya ya ruɓe ya zama taki. Ana kuma iya yin jinka da saƙa da shi. Abin da ba a so shi ne tonon saiwar. Daga saiwar wannan ciyawa ake tatsar man turare mai tsada, wanda aka daɗe ana samarwa a tsibirin Reyuniyon da ke maƙwabtaka da kuma Haiti, kuma a Haiti an ga yadda tone ta a kan gangare yake haddasa zaizayar da ake dasa ta domin hanawa.

Sai batun samun dashen, wanda shi ne yakan tsayar da irin wannan aiki. Layi mai tsawon mita goma kaɗai yana cin dashe kusan ɗari, kuma gangare ɗaya yana buƙatar layuka da yawa, don haka maganar ta miliyoyi ce, a ƙasar da ciyawar ba ta wadatu ba kuma sufuri yake da tsada. Maganin da aka samo shi ne bashin iri. Ana ba manomi dashen a matsayin rance, bayan kimanin shekara guda, lokacin da kowane gindi ya hayayyafa ya fitar da 'ya'ya da yawa, sai ya tsinko daga jikinsu ya biya adadin da ya karɓa ba tare da ya ɓata shingensa ba. Abin da ya biya shi ake miƙa wa manomi na gaba. Ta haka gonakin bakin layin suka zama wurin renon ciyawar, kuɗin sayenta ya faɗi, dashen yana fitowa daga ƙasa da yanayi iri ɗaya da inda za a kai shi, kuma wanda ya riga ya yi shi ne yake nuna wa maƙwabcinsa yadda ake yi. Zuwa 2003 manoma fiye da 600 sun shiga shirin, kuma an dasa jema fiye da miliyan 2.6.

Sakamako da iyakarsa

A watan Oktoba na 2003 Hengchaovanich da Freudenberger suka gabatar da rahoton aikin a taron duniya na uku kan wannan ciyawa, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda suka bayyana cewa wuraren da aka dasa sun riƙe kuma ɓarnar ruwa a kan layin ta ragu ƙwarai. Daga nan labarin FCE ya zama misalin da ake yawan kawowa a duk inda ake maganar riƙe gangare da ciyawa. Ya dace mai nazari ya tuna cewa waɗanda suka yi aikin su ne suka rubuta rahoton, kuma shekara uku taƙaitaccen lokaci ne a rayuwar gangare. Duk da haka yawan manoman da suka karɓi rance suka biya shaida ce mai ƙarfi, domin talaka ba ya wahalar da kansa a kan abin da bai ga amfaninsa ba.

Ciyawar tana da iyaka da bai kamata a ɓoye ba. Ba ta iya tsayar da zaftarewa mai zurfi, wadda tsagewarta take ƙasa da inda saiwa ke kaiwa. Irin wannan sai an janye ruwa daga cikin tsaunin ko an yi gini. A watannin farko bayan dashe ba ta kare komai, ita kanta tana buƙatar kariya, kuma idan ruwa mai ƙarfi ya riske ta kafin ta kama ƙasa zai tafi da ita, shi ya sa lokacin dasawa yake da muhimmanci. Idan aka bar giɓi a cikin layi, ruwa yakan taru ya bi ta nan da ƙarfin da ya fi na da, ya fara haƙa kwazazzabo, don haka cike gurbin dashen da ya mutu wajibi ne. Ba ta kuma son inuwa, kuma wannan yana da ma'ana ta musamman a tsarin FCE, domin itatuwan da aka dasa a tsakiyar gonakin za su girma su rufe ta, ta yi rauni. Idan komai ya tafi daidai, kafin lokacin saiwoyin itatuwan sun karɓi aikin riƙe ƙasar. Idan kuwa itatuwan ba su yi kyau ba, ko aka yi sakaci da yankan shingen, gangaren yana iya komawa gidan jiya a hankali.

Babban rauni kuwa yana wajen gonar. Duk lissafin da manomi ya yi lokacin da ya sa hannu a yarjejeniyar ya ginu ne a kan cewa jirgi zai zo ya ɗauki licinsa da ayabarsa, waɗanda ba sa jure jira. A shekarun da suka biyo baya layin FCE ya ci gaba da fama da tsofaffin injuna da ƙarancin kuɗin gyara, rikicin siyasar 2009 kuma ya sa manyan masu ba da tallafi suka dakatar da yawancin taimakonsu ga gwamnatin ƙasar. Tafiyar kilomita 163 takan cinye yini guda har ta shiga dare, wani lokaci jirgin ya daina aiki na tsawon lokaci saboda lalacewar inji. Duk lokacin da haka ta faru a kakar lici, wadda ke zuwa a watannin Nuwamba da Disamba, asarar tana kan manomin da ya bar rogo ya dasa itace, kuma maƙwabcinsa da bai shiga shirin ba yana kallo.